Fuskar Mai Agogo a Bakin Aiki

A gidansu Auta akwai wani tsohon gwangwanin biskit cike da hotuna. In ka zazzage shi za ka ga Baba Mai Agogo a wurare da dama, amma Auta ta rantse ko ɗaya ba ubanta ba ne. Wani mutum ne dai mai kama da shi, tsaye ƙiƙam, ya ɓalla maɓallan riga har maƙogwaro, ya haɗe gira, ya zare ido kamar wanda aka kira ba da shaida a kotu. Ranar da Yaya ta gama makaranta haka ya tsaya. Ranar da aka ɗora masa jikansa na fari a hannu, haka ya riƙe yaron kamar an ba shi ajiyar ƙwai. Da an ɗaga kyamara shi ke nan, Baba ya tafi, wannan baƙon ya zo ya tsaya a madadinsa. Marigayiya Inna takan ce ita maza biyu ta aura, ɗaya soja ɗaya mai gyaran agogo, kuma sojan a cikin gwangwani yake kwana.

Baba na gaskiya a shago yake. Wani ɗan tsukukun shago ne a bakin babban titi, tsakanin kantin magani da rumfar mai facin taya, wanda in mutum biyu suka shiga sai na uku ya jira a waje. Bango cike da agoguna, kowanne da nasa lokacin. A gaba akwai akwatin gilashi, cikinsa agogunan hannu da masu su suka kawo gyara suka manta da su shekara da shekaru. A ƙarƙashin teburin shagon nan Auta ta girma. Nan take yin aikin makaranta, ta jingina da ƙafarsa, ƙamshin ɗan man da yake ɗigawa yana shiga mata hanci, ƙas-ƙas ɗin agoguna yana tafiya har barci ya sace ta. In ƙaramar ƙusa ta faɗi ƙasa ita ce mai nema, da rarrafe, kuma ladanta alewa ɗaya daga kantin magani. In ta ɗaga kai daga can ƙasa, fuskar da take gani ke nan: ɗan madubin aiki maƙale a idon hagu, idon dama a rufe, girar nan da ke haɗewa a hoto ta saki, bakin ya ɗan buɗe da guntun murmushi kamar mai lallashin jariri. Wannan fuskar ce ubanta, kuma babu ita a kan takarda ko ɗaya.

To, yanzu Auta ta ba arba'in baya, tana sayar da tikiti a tashar manyan motoci, daga ita sai Baba suka rage a gidan. Hannunsa ya fara rawa. Mutane kuma sun daina kawo gyara. Agogo ya tsaya, a jefar a sayi wani, ko a duba waya. Rannan suna shan shayi ya faɗa mata, kamar mai ba da labarin wani, cewa ƙarshen wata zai rufe shagon ya miƙa wa mamallakin ginin mukullinsa. Bai nemi shawara ba, ita ma ba ta ba shi ba. Da ta buga wa Yaya waya, can ƙasar da aure ya kai ta, Yaya ta ce:

"Auta, ki ɗauko mini Baba a hoto kafin ya rufe. Na shago nake so, ba na gwangwani ba."

Faɗar abu da baki ba wuya. Auta ta gwada da wayarta, wata 'yar ƙarama ta wancan zamani mai ɗaukar hoto kamar ta cikin hayaƙi. Ta shiga shagon da sunan kawo masa abinci, ta zauna, ta yi kamar tana karanta saƙo. Ina! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron numfashin agogo, shi za a yi wa sanɗa? Kafin ta daidaita hannu ya zare madubin, ya miƙe, ya kama maɓallin wuya. Ta roƙe shi don Allah ya ci gaba da aikinsa, ya ce ba a ɗaukar mutum hoto baki buɗe sai ka ce wawa. In hoto take so ta bari ya je gida ya sa hula mai kyau. Ta yi magiya, ta yi fushi, ta yi dariya, amma dai sojan ta samu.

Mai aski na tsallaken titi ne ya kawo shawara. Abokin hirar Baba ne tun Auta tana rarrafe, kuma tagar shagonsa tana kallon teburin Baba kai tsaye, sai dai titin da ke tsakani faɗi gare shi, hannu biyu ne da dakali a tsakiya. Ya ce akwai 'yan kyamarori yanzu masu jawo nesa kusa, wani ya taɓa zuwa aski da ita, daga kan kujera ya karanta lambar motar da ke can gaban gidan mai. In ta samo irinta, ga taga nan, ba zai karɓi haya ba.

Ranar hutunta ta nufi layin masu kayan lantarki, kantin wani da ake kira Dogo, wanda ke sayar da kyamarori kuma yana wanke hotuna a ɗakin baya. Tun daga ƙofa ta gaya masa ƙarfin aljihunta don kada a ɓata wa juna lokaci. Dogo ya ture manyan nan masu dogon hanci gefe, ya ce waɗannan ko kallonsu kada ta yi, na masu ɗaukar wasan ƙwallo ne. Ya fito da ƙanana guda biyu. Ɗaya baƙa ce, ta hannu, fentinta ya goge a kusurwa, in an kunna ta sai gilashinta ya zuro waje kamar wuyan kunkuru. Ɗayar sabuwa ce dal a kwali, ja, siririya, ta ma fi araha, kuma a jikin kwalin an buga lambar zum, wato ƙarfin jawo nesa, da manyan haruffa, ta fi ta baƙar nesa ba kusa ba.

Dogo, a ba shi haƙƙinsa, ya yi bayani. Ya ce zum iri biyu ne. Akwai wanda gilashi ke yi, shi ne na gaskiya, yana tafiya ya ɗauko abin da ke nesa. Akwai kuma wanda kyamara ke yi da dabara, ta yanki tsakiyar hoton ta kumbura shi, kamar a zuba ruwa a madara don ta cika kwano. Baƙar nata na gilashi ne mafi yawa, daga nan za ta iya ɗauko mutumin da ke ƙarshen layi da gashin bakinsa. Jar kuwa na gilashinta ɗan kaɗan ne, sauran duk kumburi. Don ɗaukar yara a tsakar gida ko baƙi a falo ba ta da laifi ko kaɗan. Ya nuna mata wani ɗan layi a allon bayan jar, ya ce in sandar zum ta zo nan za ta ɗan tsaya, to nan ne iyakar gilashi, kada ta matsa ta wuce.

Sai dai Auta mai tikiti ce. Shekara da shekaru tana zaune bayan taga, mutane suna zuwa mata da dogon labari, wannan kakarsa ba lafiya, wancan yana son kujerar gaba don yana amai, ita kuma ta koyi tsince abu biyu kawai daga ciki, ina za ka da mutum nawa, sauran ta bar wa iska. Kunnenta ya saba. Dogo yana magana tana gyaɗa kai tana cewa na gane, na gane, alhali abin da ya shiga kawai shi ne wannan lambarta babba ce, waccan ƙarama, titin kuma da faɗi. Ga shi ba ta son kayan hannu. Ta ce ba za ta ɗauki ubanta da abin da wani ya gaji da shi ba. Ta nuna jar. Dogo ya ɗaga kafaɗa, ya sa mata batir da katin ajiya, ya ƙara mata 'yar jaka kyauta, ya ce Allah ya sa a mora lafiya.

Kai, abin ya shiga ranta! Mace furfura ta fara leƙo mata, ta koma kamar yarinyar da aka saya wa 'yar tsana. Ta ɗauki kyanwar maƙwabta a kan katanga. Ta ɗauki shanya a kan igiya, da takalman Baba a bakin ƙofa, da butar shayi tana tururi. A tasha ta ɗauki lodin da ake ɗaurewa a kan mota, da direban da ke barci baki sake, da wata tsohuwa rungume da fanka a kan cinya tana jiran tashi. Abokan aiki suka sa mata suna 'yar jarida. Ta koyi riƙe numfashi kafin ta danna, ta koyi manna gwiwar hannu a jiki don kada hoto ya girgiza, ta gane cewa in rana tana gabanta mutane baƙi ƙirin suke fitowa. Duk da kanta ta gano, kuma ta ji daɗin kanta ƙwarai. Abu ɗaya ne ba ta yi ba, ba ta taɓa kai ko ɗaya an wanke ba. A ɗan allon nan da bai wuce kwalin ashana ba komai tsaf yake fitowa.

Sai aka shiga zaman taga. In ta tashi aiki da rana sai ta zagaya ta bayan layi, ta shiga shagon mai aski ta ƙofar baya, ta zauna a wata kujera mai karyayyen hannu a bayan labule. Mai aski yana aiki yana ba ta rahoto kamar mai sharhin wasa a rediyo: ga shi ya tashi, a'a ya koma, ga babbar mota ta tare, yi haƙuri. Masu zuwa aski suka saba da ita, har wani ya tambaya a kunnen mai aski ko baiwar Allahn nan mijinta take gadi.

Da farko abin dariya ne. Daga baya dariyar ta ɗauke, don daga tsallaken titi Auta ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tana kusa. Babu mai zuwa. Baba yakan bi agogunan bango ɗaya bayan ɗaya ya wana su, ya goge gilashin akwati da tsumma, ya jera 'yan ƙarafunan aikinsa daga babba zuwa ƙarami, sannan ya zauna ya ɗora hannu bisa hannu yana kallon titi. In wani ya rage tafiya a ƙofar sai ya ɗan gyara zama, mutumin ya wuce kantin magani. A gida kuwa in ta tambaye shi ya aiki, cewa yake an gode Allah, ana ta fama. Tausayinsa ya kama ta har ta ji haushin duk mai waya a aljihu, har da ita kanta. Wannan zaman ba ta ɗauke shi ba, ba ta son Yaya ta gani.

Kwanaki suna ta ja, wata ya kusa mutuwa, madubin bai hau ido ba ko sau ɗaya a gabanta. Ta yi tunanin turo wani da agogo, mai aski ya ce kada ta soma, duk agogon da ke layin nan Baba ya san lafiyarsa da mai shi, zai gane an haɗa baki. Ana cikin haka, wata la'asar, sai ga wani dattijo da sanda ya sauka daga tasi. Ya tsaya yana karanta allon shagon da fentinsa ya koɗe, sannan ya kwance hankici ya zaro agogon aljihu mai sarƙa. Mai aski ya tsaya da almakashi a sama, ya ce da ita a hankali, to 'yar Mai Agogo, ga ranarki.

Ta ga Baba ya karɓi agogon da hannu biyu. Ta ga ya kai shi kunne, ya girgiza kai, ya jawo fitilar tebur. Madubin ya hau idon hagu. Auta ta ɗaga kyamara, ta danna zum. Shagon ya taho, ƙofar ta taho, sandar ta zo kan ɗan layin nan ta tsaya. A nan Baba bai fi ƙwayar wake ba a tsakiyar allon, ga kantin magani ga tayoyin mai faci duk a ciki. Ita kuwa fuska take so. Ta sake dannawa da ƙarfi, sandar ta tsallake layin ta tafi har ƙarshe, sai ga Baba ya cika allon, kai da kafaɗa, a sunkuye. Ta riƙe numfashi ta ɗauka. Ta ɗauka, ta ɗauka, mota ta gifta, ta jira, ta sake ɗauka, har ya rufe bayan agogon ya miƙa wa mai shi, tsofaffin biyu suna ta dariya.

Ta duba allon. Ga shi nan, ɗan mitsitsi, amma shi ne, har da hasken fitila a gefen kumatu. Ta nuna wa mai aski, ya sa tabarau ya ce tabbas, wannan shi ne mutumina. Tun a hanya ta buga wa Yaya ta ce an gama, ta sa ranta a inuwa, za a wanke babba a aika mata.

Ƙarshen wata ya zo, Auta ta ɗauki hutu ta taya shi kwashe kaya. Agogunan bango raba su ya yi: ɗaya ga mai kantin magani, ɗaya ga mai aski, mai faci ya samu wanda tsuntsu ke fitowa daga ciki, ko da yake tsuntsun ya daɗe da yin ritaya. Da aka sauke su sai bangon ya fito da tabo farare inda kowanne ya zauna. Na hannun da aka manta ya zuba su a kwali ya ce a ajiye, kayan mutane ne, wata rana wani zai tuna. Teburin ya ƙi fita ta ƙofa sai da aka cire masa ƙafafu. Shagon ya yi tsit, irin shirun da Auta ba ta taɓa ji a cikinsa ba tun da ta yi wayo. Baba ya share ƙasa da kansa, ya ja ƙofa, ya kai mukulli. Ranar ba ta yi kuka ba, don a ganinta ai ta riga ta ɓoye abinta a jaka.

Sai bayan kwana biyu ta samu sukunin zuwa wurin Dogo. Ta ce babba take so, irin na ratayewa a falo, ɗaya nata ɗaya na yayarta. Ya zare katin ya shiga ɗakin baya, ya daɗe, sannan ya leƙo ya ce Anti, ko za ki zo ki gani.

A kan faffaɗan allon kwamfutarsa babu fuska. Akwai dai siffar mutum a sunkuye, da wani dunƙulen haske a gefe, amma inda ido da baki za su kasance sai dabbare-dabbaren ruwan ƙasa da toka, sun narke cikin juna kamar zanen da ruwan sama ya doka. Ya wuce na gaba, haka. Na gaba, gefen mota. Na gaba, haka. Ta ce ya gyara mana, ai ta ji an ce kwamfuta tana gyara komai. Dogo ya ce zai iya ƙara haske, zai iya rage duhu, amma abin da bai shiga ba ba zai fito ba. Bai ce ai na gaya miki ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Ya dai tambaya a hankali ko za ta koma ta sake ɗauka, ta matsa kusa.

"An rufe shagon," in ji ta.

Da-na-sani ƙeya ce. Baƙar kyamarar nan ta hannu tana nan a cikin gilashi inda ta bar ta, Auta ta dube ta ta ji kamar ta mari kanta. Na gane, na gane! Me ta gane? Don taurin kai kawai ta ce a wanke mata ɗaya, babban, ko ba komai ta riƙa kallon wautarta. Ya sa mata a ambulan. A hanya Yaya ta yi ta kira, ba ta ɗauka ba.

Tun da aka rufe shagon Baba ya samu wurin zama a falo, kujerar da ke jikin taga, rediyo a gefe yana ta surutu ba mai saurare. Yakan yi wanka da safe ya sa kayan fita kamar mai zuwa wani wuri, sannan ya zauna. Nan ta same shi da yamma. Ta gaishe shi, ta ajiye jaka da ambulan a kan tebur za ta wuce kicin, ya ce wannan babban fa, takardar asibiti ce? Ta ce a'a. Ya miƙo hannu. Ta gaji da ɓoye-ɓoye, ta zaro ta ba shi, ta tsaya tana jiran faɗa, don ta san laifinta: ɗaukar dattijo a sace, daga tsallaken titi, da haɗin bakin mai aski.

Faɗan bai zo ba. Baba ya riƙe hoton nesa da fuskarsa, ya matso da shi, ya sake nesantawa. Da ya yi magana, muryar ba irin wadda ta sani ba ce.

"Auta, a ina kika samo hoton Babana?"

Kakan nan ba ta san shi ba, ko Yaya ba ta riske shi ba. Abin da ta sani kawai shi ne shagon da teburin nasa ne tun farko, shi ya koya wa Baba aiki, kuma ya rasu Baba yana saurayi, a zamanin da ba kowa ke zuwa gidan hoto ba. Baba ba mai yawan zancensa ba ne. Yanzu ga shi yana bin takardar da yatsa yana nuna mata: dubi yadda yake ɗage kafaɗar hagu, dubi hular da ya tura baya, haka yake karkata kai wajen fitila, haka, wallahi haka. Ya ce shekarun nan duka yana ƙoƙarin tuno fuskarsa ta ƙi zuwa, sai dai wannan zaman, yadda yake hango shi tun daga tsallaken titi in an aiko shi da abincin rana.

Auta ta durƙusa a gefen kujerar. Ta so ta bar shi a haka, Allah ya sani ta so, amma ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan abu mai nauyi ba.

"Baba, kai ne. Ni na ɗauka, daga shagon mai aski. Ranar da mai agogon sarƙa ya zo."

Ya juyo ya dube ta, ya koma ya dubi hoton.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe zamansa na ɗauka ban sani ba."

Ta fara ba shi haƙuri, tana bayanin zum da layi da kumburi, hawaye na zuba, tana cewa ta ɓata, fuskar ba ta fito ba, abu ɗaya Yaya ta roƙe ta ta kasa, ga shi shagon ya tafi. Bai ma ji ta ba. Ya sa hannu a aljihun gaban riga ya zaro madubin aiki, wanda take zaton yana cikin kwali a ɗakin ajiya tare da sauran kaya. Ya maƙala shi a idon hagu, ya kwantar da hoton a kan gwiwa, ya karkata wajen taga, ya sunkuya yana neman fuskar a cikin dabbare-dabbaren nan, ko tasa ko ta ubansa. Idon dama ya rufe. Girar ta saki. Bakin ya ɗan buɗe.

Jakar tana kan tebur a kusa da ita. Auta ta jawo ta a hankali, ta zaro jar kyamarar, ta kunna. Ba ta taɓa maɓallin zum ba, don babu abin da za a jawo, har numfashinsa tana ji. Ta share ido da bayan hannu don ta ga allon, ta manna gwiwar hannu a jiki, ta danna. Kyamarar ta yi 'yar ƙararta, ƙyas. Auta ta ƙame tana jiran ya zare madubin ya miƙe.

Hannunsa bai motsa daga kan takardar ba.

"Matsa kaɗan, Auta," in ji shi, bai ɗago ba. "Kin tare mini haske."

Ta matsa gefe, ta sake ɗauka.